Injin Peugeot 504: tarihinsa, ƙirarsa da abin da ya sa ya daɗe a hanyoyinmu

Duk wanda ya kai shekara talatin da wani abu a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya a ce bai taɓa shiga Peugeot 504 ba, wadda a nan muke ce wa Pijo, maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna cewa Fijo. Ita ce motar tasha, ita ce motar kasuwar ƙauye, ita ke kai amarya ɗakinta, ita ke kai mara lafiya likita cikin dare. Faransa ta daina ƙera masu ɗaukar fasinja tun 1983, Kaduna ta fitar da ta ƙarshe a 2006, amma har yau akwai direbobin da ke tada ta da asuba su nemi abincin iyalinsu da ita.

To me ke cikin wannan inji da ya sa ya kai haka? In ana maganar gudu ko ƙarfi, tun a zamaninsa akwai waɗanda suka fi shi. Abin da ya bambanta shi, an ƙera shi ta yadda duk abin da ya cinye a cikinsa ana iya ciro shi a sa wani, da sifana da hannu, ko da a ƙarƙashin inuwar bedi ne. Ga bayanin daki-daki.

Asalin gidan Peugeot

Peugeot sunan wani iyali ne na gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. A 1810 wasu ƴan uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka maida injin niƙan da suka gada ya zama maƙera. Suka fara da ƙarfen zarto, daga baya suka shiga yin injin niƙan kofi, a 1882 kuma suka fara kekuna. Zakin nan da kuke gani a goshin motar an yi masa rajista a 1858, lokacin ba a ma san mota ba. An sa shi ne a jikin zarto, don a nuna haƙoran zarton suna da ƙarfi kamar na zaki.

Armand Peugeot ne ya shigar da gidan harkar mota. A 1889 ya fito da wata mai ƙafa uku da ke aiki da tururi, sannan ya koma ga injin fetur na Bajamushe Daimler. Daga 1896 kampanin ya fara yin injinsa da kansa. Babbar masana'antarsu tana garin Sochaux, kuma daga can 504 ta fito.

Yadda inji mai bugu huɗu ke aiki

Kafin mu buɗe injin 504, ya kamata mu san abin da ke gudana a cikin kowane inji irinsa. Wani Bafaranshe, Alphonse Beau de Rochas, ya rubuta tsarin a 1862, sai Bajamushe Nikolaus Otto ya ƙera injin da ya yi aiki da shi a 1876.

A cikin inji akwai ɗakuna masu kama da turmi, ana ce musu silinda. A cikin kowane akwai piston da ke hawa yana sauka. A saman ɗakin akwai ƙofofi biyu, wato bawul, makanikanmu suna cewa supap: ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Bugu na farko, piston ya sauka, ƙofar shiga ta buɗe, iska da fetur su shigo. Na biyu, ƙofofin su rufe, piston ya hau ya matse su. Na uku, buji, wanda wasu ke ce wa fulogi, ya yi tartsatsi, man ya kama wuta, ƙarfin wutar ya tunkuɗa piston ƙasa. Na huɗu, ƙofar fita ta buɗe, piston ya hau ya kori hayaƙi. Cikin bugun nan huɗu, na uku kaɗai ke ba da ƙarfi. Shi ya sa ake jera silinda huɗu, kowane ya karɓi aiki bayan ɗan uwansa, dukkansu suna juya babbar sandar inji ta ƙasa, wato karanshaf.

Ku duba fa: in inji na juyi 3000 a minti ɗaya, kowane silinda yana kama wuta sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Wannan zafi da gogayya su ne abokan gaban inji. Shi kuma girman inji ana auna shi da faɗin ɗakunan nan duka in an haɗa, da ma'aunin cm3. In an ce cm3 1000, lita ɗaya ke nan.

Daga 203 zuwa 404

Injin 504 yana da iyaye da kakanni. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1948, Peugeot ta fito da 203, mai inji cm3 1290. A cikinta aka aza tubalin da aka ci gaba da gini a kai: gangar inji ta baƙin ƙarfe, murfin sama na alminiyam wanda muke ce wa kulas, da silinda masu ciruwa. A 1955 aka yi 403 mai cm3 1468, ita ce Peugeot ta farko da aka ƙera sama da miliyan ɗaya.

A 1960 sai ga 404, da sabon inji mai suna XC, cm3 1618. A nan injiniyoyin suka yi wata dabara: maimakon su tsayar da injin a miƙe, sai suka kwantar da shi gefen dama da digiri 45. Da haka gaban motar ya yi ƙasa, direba na ganin hanya sosai, nauyi ma ya sauka ƙasa, motar ta ƙara zama daram. Da farko karanshaf ɗinsa yana kwance kan mazauni uku ne, daga 1964 aka maida su biyar. Sandar da ke da mazauni biyar ba ta lanƙwasa da sauƙi in an ɗora wa inji nauyi, rawar inji kuma tana raguwa.

Ita 404 ta yi suna a Afirka tun kafin ƙanwarta. Ta ci gasar Safari ta gabashin Afirka sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Mai buɗaɗɗen baya da tampol, wadda muke ce wa bashe, dattawanmu sun san irin buhunan gero da gyaɗa da ta yi ta jigila.

Fitowar 504

An shirya nuna 504 tun farkon rabin shekarar 1968, amma yajin aiki da zanga-zangar watan Mayu a Faransa suka sa aka ɗaga sai watan Satumba. Gidan zane na Pininfarina da ke Italiya ne ya zana jikinta. A 1969 ta samu kambun motar shekara ta nahiyar Turai.

Injinta na farko, mai suna XM, na 404 ne aka faɗaɗa. Faɗin silinda bai canza ba, milimita 84, sai dai tafiyar piston daga sama zuwa ƙasa aka tsawaita daga milimita 73 zuwa 81. Da haka girman ya tashi daga cm3 1618 zuwa 1796, ƙarfinsa na doki 82. A 1970 aka ƙara faɗin silinda zuwa milimita 88, aka samu cm3 1971, wanda ake kira XN, shi ne wanda makanikai ke ce wa lita biyu. Wannan ya fara da ƙarfin doki 93. Akwai kuma wanda ake fesa masa mai da famfon Kugelfischer, mai ƙarfin doki sama da 100, amma a ƙasashenmu mai karbirata, wato kafireta, shi ya fi yawa, don gyaransa ya fi sauƙi.

A 1971 aka fito da doguwar, mai layin kujeru uku, wadda ake ce wa familiyal. An yi ta don mutum bakwai. Kowa ya san adadin da take ɗauka a tashoshinmu ya wuce haka. Mai buɗaɗɗen baya ta zo a 1979. In an haɗa duka, an ƙera 504 sama da miliyan 3 a duniya.

Abubuwa huɗu da suka riƙe injin

Na farko, shemis. Kalmar Faransanci ce mai nufin riga. A yawancin injuna, ramin silinda a jikin gangar injin aka huda shi. In ya cinye, sai an sauke inji gaba ɗaya, a kai shi wajen masu injin gyaran ƙarfe a babban birni, a faɗaɗa ramin, a nemo piston mai girma. A injin fetur na 504 kuwa, kowane silinda bututu ne mai zaman kansa da aka zura cikin gangar, ruwan sanyaya inji yana zagaye shi kai tsaye. In ya cinye, sai a zare shi a zura sabo, da piston ɗinsa da zobbansa, injin ya dawo kusan sabo. Kamar mutum ne ya cire tsohuwar riga ya sa sabuwa. Ganga ɗaya tana iya cin shemis sau da yawa, shi ya sa za ka ga inji ya girmi direban da ke tuƙa shi.

Na biyu, yadda ake buɗe supap. Sandar da ke buɗe su, wato kamshaf, tana cikin gangar injin a gefe, kusa da mai. Daga can wasu ƴan sanduna siriri ke hawa sama suna tura ƴan hannuwa masu lilo, su kuma su danna supap. Tsohon tsari ne, ba ya son juyi mai tsanani, amma yana da sauƙin saiti. In supap ta fara ƙara, a buɗe murfin sama, a daidaita tazarar da sifana da sukundireba, a rufe, shi ke nan. Sannan abin da ke juya kamshaf ɗin sarƙar ƙarfe ce mai wanka cikin mai. Yawancin injunan da suka biyo baya bel ɗin roba ke gare su, wanda in ya tsinke ana cikin tafiya yakan sa piston ya daki supap. Ita sarƙa kafin ta mutu sai ta daɗe tana ƙara tana ba ka labari.

Na uku, ba a takura wa injin ba. Lita biyu da ke ba da doki 93, wato bai kai doki 50 a kowace lita ba. Matsin da piston ke yi wa mai da iska bai wuce wajen kashi 8 zuwa 1 ba, don haka yana haƙuri da fetur da bai kai ingancin na Turai ba. Yana kuma da ƙarfin ja tun yana juyi a hankali, abin da ake buƙata cikin rairayi ko in mota ta cika maƙil.

Na huɗu, babu kwamfuta ko ɗaya a cikinsa. Fetur na bi ta karbirata, galibi ƙirar Solex, wadda ake kwancewa a wanke ta a hura ƴan ƙofofinta a maida. Wuta na fitowa daga batir zuwa bobin, daga nan delko ya raba wa buji huɗu bisa tsarin 1-3-4-2. Sabon yaron gareji ya kula da abu biyu a nan: a wannan inji, silinda mai lamba ɗaya yana can baya wajen giya, ba gaba wajen fanka ba, sannan bujin suna can ƙasan wasu dogayen ramuka, sai da dogon makullin buji ake kai gare su. Da waɗannan ƴan kayan, makaniken da ya san aikinsa yana iya gane ciwon inji da kunnensa da idonsa.

Injin gazuwal

Akwai 504 mai shan gazuwal, kuma ƴan tasha da yawa sun fi son ta saboda tsimin mai. Sunan dangin injin Indenor, a birnin Lille na arewacin Faransa ake ƙera shi, kuma tun 1959 aka fara sa shi cikin 403. A 504 an sa iri uku: mai cm3 1948, mai cm3 2112, da mai cm3 2304 wanda ake kira XD2, mai ƙarfin doki 70.

Shi injin gazuwal, wanda Rudolf Diesel ya tabbatar da aikinsa a 1897, ba ya buƙatar tartsatsi. Iska kaɗai yake shaƙa, ya matse ta fiye da kashi 20 zuwa 1 har ta yi zafi ƙwarai, sai famfo ya feso gazuwal ya kama da kansa. A Indenor ana fesa man ne cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke jikin kulas, inda iska ke juyawa kamar guguwa, daga can wutar ta faɗa kan piston. Shi ya sa yake da bujin ɗumama, kuma lokacin hunturu dole direba ya ɗan jira su yi zafi kafin ya tada. Ba shi da gudu, yana da ƙara, amma yana da juriya. Kampanin Ford ya saye shi ya sa a Granada da Sierra, Mahindra na Indiya ma ya karɓi izinin ƙera irinsa don motocinsa na daji.

Jikin da ke ɗauke da injin

Inji komai kyansa, in jiki bai iya hanya ba aikin banza ne. Ƙarfin 504 yana zuwa ƙafafun baya ne, ta wata sanda da aka rufe cikin bututun ƙarfe tun daga giya har baya, duwatsu da ƙasa ba sa taɓa ta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta kuma suna da dogon zangon hawa da sauka, shi ya sa take lashe ramuka da hanyar burji mai tudu-tudu ba tare da ta wahalar da fasinja ba. Familiyal tana da sifirin huɗu a baya, biyu kowane gefe, saboda kaya. Tazarar ƙafafun gaba da na baya mita 2,74 ce a ƙarama, mita 2,90 a doguwar.

Gasannin tsere sun tabbatar da wannan. A shekarar 1975 kaɗai, 504 ta ci manyan gasanni uku na Afirka: Safari ta Kenya a hannun Ove Andersson, ta Maroko a hannun Hannu Mikkola, da Bandama ta Kodebuwa a hannun Bernard Consten. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da wata 504 mai ƙofa biyu, amma ita injinta daban ne, mai silinda shida.

Yadda ta iso mana

Ban da sababbin da ƴan kasuwa da ma'aikatu ke sayowa daga Faransa, hanyoyi biyu suka cika ƙasarmu da 504, ɗaya daga kudu, ɗaya daga arewa.

Ta kudu ita ce Kaduna. Masana'antar Peugeot ta Najeriya, da ke unguwar Kakuri, ta fara aiki a 1975. Shekaru da dama ana ɗauko sassan motar ta jirgin sama daga birnin Lyon zuwa Kano, a kai su Kaduna a haɗa. Can 504 ta zama motar ma'aikatan gwamnati da ta ƴan haya. Mu kuma abin da ya amfane mu shi ne kayan gyara. Tun da Kano, Katsina da Kaduna sun cika da shemis, piston da gaskit, to mai mota a Maraɗi ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya, ko na Damagaram ta Matamai ko Magarya, bai rasa abin da zai sa wa motarsa ba. Ga shi kuma an sa dangin wannan inji cikin 505 da ta fito a 1979 da bas ɗin J5, kayan wani na shiga wani.

Ta arewa kuma Sahara ce. A shekarun 1970 da 1980, samarin Turai kan sayi tsofaffin 404 da 504 da araha, su tsallako teku zuwa Aljeriya, su bi ta In Salah zuwa Tamanrasset. Daga can babu kwalta, rairayi ne na wajen kilomita 400 har In Guezzam da Assamaka, sannan Arlit da Agadas. Wasu su sayar a nan, wasu su wuce Tawa, Damagaram ko Yamai, su sayar su hau jirgi su koma gida da kuɗin. Motar da ba ta da giyar ƙafa huɗu, ta riga ta tsufa a Turai, ta ƙetare hamada, sannan ta fara sabuwar rayuwa ta shekaru a tasha. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990, da rashin tsaro ya rufe hanyar a Aljeriya da arewacin ƙasarmu. Daga nan tsofaffin motoci suka fi shigowa ta tashar ruwan Kwatano zuwa Gaya, motocin Japan kuma suka fara karɓe tashoshi.

A waje ma an daɗe ana haɗa ta: Ajantina har 1999, Kenya har 2004, Najeriya ce ta rufe a 2006.

Inda yake da rauni

Kada a ce mun yi ta yabo kawai. Babban maƙiyin wannan inji shi ne zafi. Gangar ta baƙin ƙarfe ce, kulas na alminiyam, kuma in suka yi zafi alminiyam ya fi saurin kumbura. In ruwa ya ƙare ko fanka ta tsaya, kulas ya lanƙwashe, gaskit ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone. Na gazuwal ya fi rashin haƙuri a nan, shi kulas ɗinsa tsagewa yake yi. Alamomin da direba zai kula da su: baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba masa nono, farin hayaƙi na fita ta baya ba ya tsayawa, ko kumfa na tasowa cikin radiyata, wadda a Najeriya ake ce wa lagireto.

Fankar 504 tana da wani maganaɗisu da ke kama ta in inji ya yi zafi, ya sake ta in ya huce. An yi haka don ƙasashen sanyi. A zafin watan Afirilu da Mayu na ƙasarmu, in maganaɗisun ya lalace ba a sani ba, inji na iya dafuwa cikin ƴan mintoci, shi ya sa makanikai da yawa ke ɗaure fankar ta riƙa juyawa kullum.

Shemis ɗin da muka yaba ma yana da sharaɗinsa. A gindin kowane akwai wani siririn abin toshiya da ke raba ruwa da mai. In aka cire kulas, sannan wani ya juya inji ba a danne shemis ɗin ba, piston na iya ɗaga shi, toshiyar ta lalace, ruwa ya sauka cikin mai. Aikin yini ɗaya ya zama na mako. Haka nan ruwan rijiya mai gishiri ko kanwa yana cin jikin shemis da kulas, yana toshe radiyata a hankali. Wanda ke da hali ya sa ruwan sanyaya inji na kanti.

Sai ƙura. Ƙurar hunturu in ta wuce matacin iska, tamkar an zuba wa zobban piston yashi ne. Yawancin waɗanda aka yi don Afirka suna da matacin iska mai ɗan tafkin mai a ƙasa, ƙura na faɗawa ciki ta maƙale. Yana aiki sosai, amma sai ana wanke shi ana canza man. Man kwalba na bakin hanya kuma, in yana da datti ko ruwa, karbirata ce ke fara shan wahala.

Akwai kuma abin da gyara ba ya magani. Injin yana shan fetur fiye da na yanzu, yakan wuce lita 10 a kilomita 100, hayaƙinsa ya fi yawa. Motar ba ta da kariyar da motocin yau ke ba fasinja in an yi hatsari. In aka loda wa motar mutum bakwai ninkin abin da aka yi ta dominsa, injin zai ja, amma birki da tayoyi ba za su iya tsayar da wannan nauyi yadda ya kamata ba. Wannan magana ce ta rai, direbobi da shugabannin tasha su riƙe ta.

Halin da ake ciki yau

Yanzu 504 ta ja baya. A babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram manyan bas-bas da Toyota Hiace ne ke aiki. Inda za ka fi ganin ta shi ne hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, da bayan gareji inda ake cire mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Kayan gyara na asali sun yi wuya, na kwaikwayo sun yi yawa, masu sayen tsohon ƙarfe kuma suna auna gangar inji da kilo.

Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci shi ne ilimin da ke kan dattawan makanikai. Motocin yanzu sai an jona musu na'ura kafin a san ciwonsu, kuma dole samarinmu su koyi wannan aikin. Amma piston, supap, mai, ruwa da wuta suna nan cikin kowane inji, kuma da wuya a samu littafin da zai nuna wa yaro su a fili kamar injin 504 da aka kwance a gabansa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Kiranmu ga masu gareji da cibiyoyin koyon sana'a shi ne, kafin a sayar da na ƙarshe ga masu kilo, a ajiye ko guda ɗaya, yara su kwance su ɗaura har hannunsu ya faɗa.

Wanda kuma har yanzu yake neman abinci da ita, ya duba ruwa da baƙin mai kowace safiya kafin ya tada, ya sa ido kan allurar zafi, ya rage lodi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba kowa sa'a.